Kumburin hanji a zafin Maiduguri: Abin da ya sa ruwa zalla ba ya wadatar da majinyaci

A watannin Afrilu da Mayu, zafin rana a Maiduguri kan haura maki 40 a ma'aunin Salshiyos. Ma'aikacin tarayya da aka tura can yakan nemi inuwa da ruwan sanyi ya samu sauƙi. Mai fama da ciwon kumburin hanji kuwa, lissafinsa daban ne, domin jikinsa na zubar da ruwa ta gumi da gudawa a lokaci guda.

Ciwon iri biyu ne: cutar Crohn, wadda kan taɓa kowane sashe daga baki zuwa dubura, da kuma gyambon babban hanji. Dukansu kan lafa su sake tashi tsawon rayuwa, kuma sau da yawa ana ɗaukar su a matsayin atini ko taifod. Hanji ne ke tsotse ruwa da gishiri ya mayar cikin jini. Idan ya kumbura, sai su wuce a banza.

Shi ya sa ruwa zalla ba ya cike giɓin idan gudawa ta tsananta. Abin da hanji ke saurin karɓa shi ne ruwan gishiri da sukari. Ƙullin ORS na kantin magani ya fi dacewa. Idan babu shi, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙananan cokula 6 na sukari, ba tare da tozo ba, cikin lita 1 ta tsaftataccen ruwa, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Lemon kwalba da zoɓo mai zaƙi sosai kan ƙara gudawar, haka ma kofi da shayi mai kauri.

Tsaftar ruwan ma abin lura ce. Bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumbar 2024, ambaliya ta mamaye sassan birnin, kuma a Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Majinyacin da ke shan maganin danne garkuwar jiki ya fi kowa bukatar tafasa ruwansa.

Ƙoda ce kan ɗauki nauyin sakaci. Ƙarancin ruwa na haifar da tsakuwar ƙoda, yayin da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ke iya tayar da ciwon hanjin, su kuma raunana ƙodar. Game da azumi, shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, don haka ya kamata a nemi shawarar likita tun kafin watan ya kama.

Fitsari ne ma'auni mafi sauƙi: idan ya yi duhu ko ya ragu, jiki na neman ruwa. Idan kuma aka ga jiri yayin miƙewa, bugun zuciya da sauri, amai ba ƙaƙƙautawa ko jini mai yawa a bayan gida, to lamarin ya wuce na gida. Sai a garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko asibiti mafi kusa domin ƙarin ruwa.