Saitin da Manhaja Ta Zo da Shi Ba Shaidar Tsaro Ba Ne

Na gaji da jin masu haɗa manhaja suna bugun ƙirji wai "ai mun sa AES, babu mai iya buɗewa." Yawancinsu ba su suke rubuta lissafin ɓoye bayanai ba, ɗauko wanda aka riga aka haɗa suke yi, irin su OpenSSL, su jona. Wannan ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne zaton cewa tunda ƙwararru ne suka haɗa, duk saitin da kayan suka zo da shi shi ne mafi tsaro.

Ina! Sau da yawa tsohon yayi ne, an bar shi don kada tsofaffin manhajoji su daina aiki. A Java, in ka rubuta "AES" kawai ka yi shiru, tsarin ECB za a ba ka, wanda in bayani ya maimaita kansa, ɓoyayyensa ma iri ɗaya zai fito. Illar wannan tsari ta bayyana a 2013, da aka sace bayanan asusu kimanin miliyan 150 na kamfanin Adobe: duk masu kalmar sirri iri ɗaya sun fito da ɓoyayyen rubutu iri ɗaya, sai ɓarayi suka koma cinke. Python kuwa, sai a Disambar 2014 ta fara tantance takardar shaidar shafin intanet ba tare da an umarce ta ba. Kafin nan, ɗan damfara na iya shiga tsakani ta karɓe shi hannu bibbiyu. Ita crypto-js, wadda ita ma kayan ɓoye bayanai ce da ake jonawa, har zuwa 2023 zagaye ɗaya tak take yi wajen sarrafa kalmar sirri ta zama mabuɗi, alhali dubun-dubata ake bukata.

Gaggawa da kwafo aikin wasu a makance su ma suna da nasu kason a wannan matsalar.

Amanar jama'a ce a hannunka, malam mai manhaja, don haka kada ka bari a zaɓa maka. Rubuta tsarin da kake so ƙarara, GCM misali. Kalmar sirri kuma a adana ta da Argon2 ko bcrypt. Gwada manhajarka da takardar shaidar bogi. In ta karɓa, akwai gyara. Riƙa sabunta kayan aikinka, kana karanta abin da aka canza. In ba fanninka ba ne, ɗauki libsodium, wadda zaɓinta kaɗan ne kuma masu inganci. Kai kuma da ka ba da kwangilar haɗa manhajar, tambayi wane saiti aka canza da hannu, ka ce a nuna maka a rubuce.