LABARAN BINCIKE CIKIN ZANE: MASU ZAMAN KANSU SUN FI FAƊIN GASKIYA

Waɗanda suka yi makaranta a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970 ba za su manta da mujallar African Film ba, wadda kamfanin Drum ya buga, inda wani jarumi mai suna Lance Spearman ya ke farautar miyagu. Hotuna ne a ke jerawa, a sa wa kowa magana a bakinsa. Mujallar ta daɗe da daina fitowa, amma labarin mai bincike da mai laifi ya ci gaba a Turai da Amurka cikin littattafan zane, watau waɗanda a ke ba da labari da zane-zane bi da bi. Mafi yawan na ƙwarai a cikinsu kuwa, marubuta da masu zane da ke riƙe da mallakar aikinsu ne suka yi su, kuma akwai dalili.

ABIN DA YA ƊAURE HANNUN MANYAN KAMFANONI

A 1938 waɗansu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka sayar da Superman ga kamfanin da daga baya aka sani da DC a kan dala 130 kacal. Haka al'adar ta zauna shekara da shekaru: jarumi dukiyar kamfani ne, marubuci kuwa ɗan ƙodago. Jarumin da ya zama dukiya ba ya tsufa, labarinsa kuma ba ya ƙarewa, domin ranar da ya ƙare ciniki ya tsaya.

Sa'an nan a 1954, bayan da wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a kan zargin cewa littattafan zane na lalata tarbiyyar yara, sai kamfanonin suka kafa wa kansu dokar tace labarai. Dokar ta hana nuna 'yan sanda ko alƙalai ko jami'an gwamnati ta hanyar da za ta zubar da mutuncinsu, ta kuma wajabta cewa a kowane labari sai an hukunta mai laifi. An sassauta ta a 1971, amma ba a yi watsi da ita gaba ɗaya ba sai a 2011. To, labarin bincike da aka hana shi ambaton rashawar hukuma, rabin labari ne.

Mafita ta zo a shekarun 1970, sa'ad da aka soma buɗe kantunan da littattafan zane kaɗai su ke sayarwa. Ƙananan maɗaba'u suka sami hanyar kai kayansu ga masu saye ba tare da hatimin masu tacewa ba. A 1992 kuma masu zane bakwai suka bar kamfanin Marvel suka kafa Image, bisa sharaɗin cewa wanda ya ƙirƙiri labari shi ke da abinsa.

LITTATTAFAN DA YA KAMATA A NEMA

Na farko shi ne Alack Sinner, wanda mutanen Ajantina biyu, José Muñoz da Carlos Sampayo, suka soma a 1975 suna zaune a Turai. Jarumin tsohon ɗan sanda ne a birnin New York da ya ajiye aiki saboda ɓarnar da ya gani a cikinsa, ya koma bincike da kansa. Zanen baƙi da fari ne, kuma Sinner yana tsufa kamar kowa, yana gajiya, yana yin kuskure.

Na biyu Ms. Tree, na Max Allan Collins da Terry Beatty, wanda maɗaba'ar Eclipse ta fara bugawa a 1981. Wata mace ce aka kashe mijinta a daren aurensu, ta gaji ofishinsa na bincike, ta shiga neman waɗanda suka yi kisan.

Ed Brubaker da Sean Phillips sun soma Criminal a 2006, inda a ke ganin laifi ta idon masu aikata shi da 'ya'yansu. Amma wanda zai fara karanta su, ya fara da The Fade Out na 2014, mai fitowa 12. A Hollywood ne cikin 1948: an kashe wata 'yar wasa, kamfanin fim ya mai da abin kamar ita ta kashe kanta, marubucin da ya ga gawar kuma yana tsoron magana don kada asirinsa ya tonu. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin an ɓoye wata ɓarna a ofis zai gane wannan tsoro. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma littafin bai ƙyale kowa ba.

Har ila yau akwai Stumptown na Greg Rucka da Matthew Southworth, wanda Oni Press ta fitar a 2009, game da wata mai bincike a birnin Portland da bashin caca ya yi wa katutu. Akwai kuma Blacksad, na mutanen Sifen biyu, Juan Díaz Canales da Juanjo Guarnido, da aka fara bugawa a Faransa a 2000. Dabbobi ne a siffar mutane, mai binciken baƙin muzuru ne a Amurka ta shekarun 1950, littafi na biyu kuma a kan wariyar launin fata ya ke.

INDA BINCIKE YA HAƊU DA ƘAGAGGEN LABARIN KIMIYYA

A 2013 Brian K. Vaughan da Marcos Martín da Muntsa Vicente suka sa The Private Eye a intanet da kansu, suka ce mai karatu ya biya abin da ya ga dama, ko da ba ko kwabo. Labarin a 2076 ya ke. An wayi gari duk asirin da mutane suka ajiye a intanet ya bazu, aure ya mutu, aiki ya salwanta, har aka daina amfani da intanet, kowa kuma ya koma yawo da abin rufe fuska. Ɗalibin da ke zuba sirrinsa a waya kullum zai sami abin tunani a ciki.

Mai son irin wannan labari na gobe, sai ya san mujallar 2000 AD ta Ingila, wadda ta fara fitowa a Fabrairun 1977. A fitowarta ta biyu Judge Dredd ya bayyana, na John Wagner da Carlos Ezquerra: mutum guda ne ɗan sanda, shi ne alƙali, shi ne mai zartar da hukunci, kuma da shi a ke yi wa mulkin danniya shaguɓe. Mujallar ta kamfani ce, amma masu karatunta sun yi mata shirye-shiryen sauti na intanet, waɗanda a ke kira fodkas. A Space Spinner 2000, Amurkawa biyu ne suka ɗauko ta tun daga fitowar farko suna tattaunawa a jere. A Mega City Book Club, baƙo ne ya kan zaɓi littafi guda a yi masa filla-filla. Ita ma mujallar ta kafa nata, Thrill-Cast, inda marubuta da masu zane ke bayanin aikinsu. Mai son jin ta bakin marubutan Amurka kuwa, ya nemi Word Balloon, wanda John Siuntres ya soma a 2005. Duk da Turanci a ke yin su, saboda haka ɗalibi zai ƙaru da sauraron harshen, ana kuma iya sauke su a waya a ji daga baya.

JAN KUNNE

Waɗannan littattafai na manya ne. Akwai kisa a cikinsu, waɗansu har da tsiraici, don haka tilas iyaye da masu kula da ɗakunan karatu na makarantu su duba kafin su miƙa wa yara. Matasan da ke da baiwar zane ko rubutu kuma, ya kamata su tuna da dala 130 ɗin nan ta 1938. Kafin su sa hannu a kowace takardar yarjejeniya, su karanta su ga wa zai mallaki labarin bayan an buga shi.