Malfar Jaji

A Gobir ta da, Inna ba ƙaramar mace ba ce. 'Yar gidan sarauta ce, ita ce uwar 'yan bori, kuma wurinta mata suke kai kukansu. Alamar sarautarta malfa. Da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, ikon nan ya ja baya, matan karkara kuwa, musamman waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, suka rasa mai riƙe musu hannu.

Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a Ɗagel wajen 1793, ita ta lura da wannan giɓi. A ganina, nan ne kaifin basirarta ya fito fili, domin ba ta jefar da malfar ba. Wajen shekarun 1830 ta fara zaɓar dattawan mata masu kamun kai daga ƙauyuka, ta ɗora wa kowace malfa, ta naɗa mata jan rawani, a kira ta jaji, wato jagoran ayari. Mace da ta hangi malfar nan ta san shugaba ce tafe, ba sai an yi mata bayani ba.

Jaji kan tattaro 'yan mata ƙanana da tsofaffin da suka huta da raino, su taka a ƙasa har gidan Asma'u a Sakkwato, ɗauke da zuma da man shanu da hatsi da zare. Kayan nan marasa lafiya da mabuƙata ake raba wa. Matan kuma su zauna su haddace waƙoƙinta kan tsarki da salla da tarihin Manzon Allah (SAW). Ta rubuta da Fulatanci da Larabci, amma don matan nan ta yawaita Hausa. In sun koma gida, sai su bi zaure zuwa tsakar gida suna koya wa matan aure da ba su fita. Su ne 'Yan Taru.

Asma'u matar Waziri Giɗaɗo ce, ƙanwar Sarkin Musulmi Bello, amma ba ta riƙe gari ba, ba ta da dogari ko ɗaya. Duk da haka maganarta ta shiga ɗakunan da manzon sarki ba ya takawa. Da ta rasu wajen 1864, ƙanwarta Maryam ta ɗauki aikin, jajoji suka ci gaba da zuwa Sakkwato da ayarinsu.