Bindigar Iska Mai Karyewa: Ƙarfi Nawa Kake Buƙata a Gidan Kaji?



Duk wanda ya taɓa tashi da safe ya tarar da buhun abincin kaji a ɓule, ko ya ƙirga 'yan tsaki ya ga babu biyar, ya san irin takaicin da ɓera da gafiya ke jawowa. Babban ɓera ɗaya yana iya cin kusan giram 25 na abinci a rana, kuma abin da yake ɓatawa da fitsari da kashi ya fi wanda yake ci. Shi ya sa wasu ke tunanin sayen bindigar iska. Sai dai da yawa idan sun tashi saye, tambayarsu ɗaya ce: wacce ta fi ƙarfi? To a nan kuskuren yake farawa. A gidan kiwo, ƙarfin da ya wuce buƙata ɓarna ce.

Yadda take aiki

Bindigar iska ba ta amfani da albarushi. A cikinta akwai sifirin mai kauri da fistin. Idan ka kama bututun ka lanƙwasa shi ƙasa, kamar ka karya bindigar gida biyu, to ka danne sifirin ɗin ke nan ya maƙale. Sai ka sa ƙwayar dalma guda ɗaya a gindin bututun, ka mayar da shi ya kulle. Da ka taɓa kunama, sifirin zai tunkuɗa fistin gaba da sauri, iskar da ke gabansa ta matse, ta bi ta wata 'yar ƙaramar kafa ta fitar da ƙwayar. Harbi ɗaya, karyawa ɗaya. Ba ka buƙatar famfo ko tukunyar gas, shi ya sa ta dace da ƙauye.

Wasu kuma a maimakon sifirin an sa musu silinda mai ɗauke da iska ko gas a matse. Aikinsu ɗaya ne, amma ita mai silinda ba ta cika girgiza ba, kuma ba ta gajiya kamar sifirin idan an bar ta a ɗane.

Girman ƙwaya iri biyu aka fi samu: milimita 4.5 da milimita 5.5. Ƙaramar ta fi gudu kuma ta fi tafiya a miƙe, ta fi kyau wajen harbin gwangwani da koyon saiti. Babbar ta fi nauyi, ta fi sauke ƙarfinta a jikin abin da ta samu, shi ya sa masu harbin ɓera da zomo suka fi son ta.

Maganar rage ƙarfi da ƙara shi

A nan sai an yi hattara da 'yan kasuwa. Yawancin bindigogi masu karyewa ƙarfinsu ɗaya ne, yadda kamfani ya yi su haka suke. Ba su da wani maɓalli da za ka murɗa. Waɗanda ake iya canza wa ƙarfi kaɗan ne, misali HW90 ta kamfanin Weihrauch na Jamus, wadda ake ƙara wa silindarta iska da famfo na musamman ko a rage. Wannan ma ba abin da za ka riƙa yi tsakanin harbi da harbi ba ne. Idan kana son wadda za ka canza ƙarfinta nan take, to sai irin wadda ake bugawa da hannu, kamar Benjamin 392 ta Amurka: bugu uku harbi mai sauƙi, bugu takwas cikakken ƙarfi. Amma ita ba mai karyewa ba ce. Don haka idan mai shago ya ce maka tasa ana daidaita ƙarfinta, ka ce ya nuna maka ta ina.

Kada kuma lambar gudun da aka rubuta a kwali ta ruɗe ka. Kamfanoni kan gwada da ƙwaya marar nauyi don lambar ta yi girma. Abin dubawa shi ne ƙarfin duka, wanda ake aunawa da jul. Ƙwayar 4.5 mai nauyin rabin giram, idan tana gudun mita 240 a daƙiƙa, ƙarfinta kusan jul 15 ne. Ƙwayar 5.5 mai kusan giram ɗaya tana kai wannan ƙarfin da gudun mita 180 kawai. A Ingila, iyakar da doka ta yarda mutum ya riƙe ba tare da lasisi ba kusan jul 16 ce, kuma da irin wannan ƙarfin manomansu ke harbin ɓera da zomo shekara da shekaru. A Jamus iyakar jul 7.5 ce.

Me ya sa ƙarfi da yawa matsala ne?

Na farko, a cikin ɗakin kaji nisan da za ka harbi ɓera bai wuce mita 10 zuwa 15 ba. Bindiga mai jul 25 ko 30 za ta ratsa ɓeran ta wuce. Ina za ta tsaya? A kwanon rufi, ko bututun ruwan sha, ko tankin roba, ko jikin kazarka. Mai kwamin tamfol kuwa, huda ɗaya ta isa ya kwana yana kwasar tarwaɗa a ƙasa.

Na biyu, yawan ƙarfi yana rage saiti. Ita wannan bindigar tana motsi tun kafin ƙwayar ta bar bututu, don fistin ne ke fara tafiya. Idan sifirin ya yi kauri, girgizar ta fi yawa, karyawar ma sai ka yi nishi. Ɗan koyo da bindiga mai matsakaicin ƙarfi zai fi mai babbar bindiga samun abin da ya auna.

Na uku, ƙwayar da ta bugi siminti ko ƙarfe ko saman ruwa tana iya dawowa ko ta karkace. Kada ka taɓa harbi a kan ruwan kwami.

Koyon harbi kafin farauta

Ka fara da gwangwanin tumatir ko kwali, a bayansa ka jingina buhun yashi. Kada ka damƙe bindigar da ƙarfi. Ka ɗora gabanta a kan tafin hannunka a buɗe, ka bar ta ta yi motsinta, kuma kullum ka riƙe ta a wuri ɗaya. Sai ranar da kake iya zuba ƙwaya biyar a fili mai faɗin murfin kwalba, daga nisan da za ka yi harbin, sannan ka juya kan mai rai. A kai ake harbi. Raunata dabba ta gudu ta mutu a rami zalunci ne, ga wari kuma a ɗakin kaji.

Abubuwa huɗu da ke kashe bindigar ko su ji maka ciwo: harba ta babu ƙwaya a ciki, don fistin zai daki ƙarfe, zuba man inji a kafar iska, don yana kamawa da wuta saboda matsi ya ƙone robar fistin, sakin bututu lokacin da kake sa ƙwaya, don idan ya kuɓuce zai datse yatsa, da kuma ɗora mata madubin saiti wanda ba na bindigar sifirin ba, don girgizarta gaba da baya take yi, tana wargaza shi.

Abin da ya shafe mu masu kiwo

Dalma guba ce. Kaza tana tsintar duk abin da ya yi kama da tsakuwa, ƙundunta ya niƙe shi, gubar ta shiga jini har ta kai ga ƙwai. Don haka wurin koyon harbi ya yi nesa da inda kaji ke kiwo, kuma kada a yi harbi kusa da mazubin abinci. Akwai ƙwayoyi marasa dalma, idan ka samu sun fi dacewa da cikin gona.

Ɓeran da ka kashe kada ka ɗauka da hannu. Ka sa safar hannu ko ka yi amfani da shebur, ka binne shi da zurfi. Wani nau'in ɓeran gida ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno a yau. Kada a ci, kada a jefa wa kifi.

Shaho da shirwa da zalɓe kuwa, raga ce maganinsu. Ka rufe saman kwami da filin 'yan tsaki, ka huta. Shaho da mujiya ma suna taya ka cin ɓeraye.

Doka fa?

Wannan ita ce gaba da komai. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska a jerin makaman da sai da lasisin 'yan sanda ake mallaka. Ba abin wasan yara ba ce a idon hukuma. A halin tsaron da ake ciki, a gan ka da abu mai kama da bindiga a shingen bincike babu takarda, kai ma ka san sauran. Kafin ka ba kowa kuɗinka, ka je hedikwatar 'yan sanda ta jiharka ka ji yadda ake ciki. 'Yan uwa na Nijar da Gana da Kamaru, ku ma ku tambayi hukumar ƙasarku. Idan ka samu, ka ajiye ta a kulle, ƙwayoyi a wani wuri daban, nesa da yara. Tana fasa ido, tana kuma iya kisa.

A ƙarshe, ka sani ɓera tana haihuwa bayan kusan sati uku da ɗaukar ciki, 'ya'ya shida zuwa sama a lokaci ɗaya. Ba za ka ƙarar da su da harbi ba. Ka ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, ka toshe ramuka da siminti, ka share abincin da ya zube kafin dare, ka nome ciyawar da ke kewaye, ka ɗana tarko. Bindiga ta ragowar da suka ƙi ji ce. Idan har za ka saya, ka nemi mai matsakaicin ƙarfi wadda za ka iya saitawa, ka kashe sauran kuɗin a kan raga da siminti.

Allah ya sa albarka a kiwonmu.