Rawanin da Ba a Naɗa Maka Ba

Mene ne naɗa kai? Shi ne mutum ya ɗauki ikon da ba a ba shi ba, ya riƙe kamar gadonsa. A Batsari, Sarkin Katsina ne yake naɗa Sarkin Ruma. Amma 'yan bindigar dajin Rugu da suka ɗora wa manoma haraji, wa ya naɗa su? Wannan ƙwace ne.

Ko mai rawanin gaskiya yakan wuce iyakarsa. Sarki Uzziya ya shiga Haikali ƙona turare, aikin firistoci. Azariya da firistoci 80 suka tsawata masa, kuturta ta fito masa a goshi (2 Tarihi 26).

Ɗan'uwa, kujerar da kake kai a ikilisiya, ba ka aka yi, ko ɗauka ka yi? Mu yi addu'a.