Ka Sake Kulle Rumbun Laftof Ɗinka? Saura Shara

Lokacin furojek ya zo. Da yawa daga cikinmu muna zirga-zirga tsakanin Dawakin Kudu, Kura da Bunkure, muna tattara bayanai daga manoman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga: sunaye, lambobin waya, girman gona, har da bashin taki. Amana ce wannan. Shi ya sa ake kulle rumbun laftof da BitLocker a Windows ko LUKS a Linux, in an sace ta ɓarawo ya tashi a tutar babu. Sai dai bayan an sake kullewa da sabon mabuɗi, mutum kan ga rumbun ya cika maƙil. Me ya cinye wurin?

Yawanci tsohon kwafi ne. Kafin sake kullewa mutum kan kwashe fayilolinsa zuwa wata folda, daga baya ya manta da ita. In an sake ɗora Windows, akwai foldar Windows.old mai cin gigabait da dama. A Linux kuma, umarnin ecryptfs-migrate-home yana barin tsohuwar foldarka a cikin /home, a buɗe, ba kulle.

Ga yadda za ka bi, kar ka tsallake ko ɗaya.

Na farko, adana mabuɗin ceto. Na BitLocker lambobi 48 ne. Rubuta a takarda, kar ka bar shi cikin laftof ɗin da ka kulle.

Na biyu, kashe kwamfutar ka kunna, ka buɗe fayilolin furojek ka tabbatar suna aiki. Ka ajiye kwafi a filashi, shi ma a kulle.

Na uku, sai gogewa. Cire Windows.old ta hanyar Disk Cleanup, ka share tsofaffin kwafi, ka zazzage kwandon shara.

Na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa. Goge fayil ba ya shafe shi. Sunansa kawai ake cirewa daga rajista, abin da ke ciki yana nan har sai an rubuta wani abu a kansa. In ka zaɓi BitLocker ya kulle wurin da ke da kaya kaɗai, manhajar dawo da fayil za ta iya tono tsofaffin bayanai daga filin da ya rage. A rumbu mai juyawa, buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta cipher /w:C: domin ya bi filin sau uku yana rubutu a kai. Yana ɗaukar sa'o'i, don haka ka jira a kawo wuta. In SSD ne, TRIM ke wannan shara. A Linux umarnin shi ne fstrim, amma sai ka ba LUKS izini.

Musamman kai da za ka sayar da laftof bayan kammala difloma: manomin da ya ba ka lambarsa bai ba mai saye ba.