Sassaben zamani: Yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da gonakinsu da kututture

A tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta bushe kuma iska ke kwasar rairayi, gonakin da ke kewayen Magarya, Matameye da Mirya a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar suna nan cike da itatuwan gawo kore shar. Awaki na tsintar 'ya'yan gawon a ƙasa, masu gona na hutawa a inuwa.

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne yawancin waɗannan itatuwa ba wanda ya dasa su. Daga tsofaffin kututture da saiwoyi da iri da ke cikin ƙasa suka tsiro, manoma kuma suka kyale su suka girma maimakon su sare su kamar yadda aka saba.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman kudancin Nijar sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a kan fili mai faɗin hekta miliyan 5. A ƙauyuka ana kiran dabarar da sassaben zamani. Masana harkar noma kuwa suna kawo ta a matsayin ɗaya daga cikin manyan misalan noman da ke bin tsarin halitta, wato noman da ke sa itace, dabba, ƙwaro da ƙasa su yi wa juna aiki, don rage dogaro da abin da sai an saya da kuɗi.

Yadda gonaki suka zama fayau

Kafin shekarun 1980, gona mai kyau a idon malamin gona ita ce wadda aka share tas. An ƙarfafa noman gyaɗa don sayarwa waje, an kawo garmar shanu, kututture kuma ya zama abin da ke karya garma. Kowace shekara kafin damina manomi zai shiga gona da gatari da adda ya sassabe duk wani tsiro, ya tara ya cinna wuta.

Doka ma ta taimaka. Tun zamanin mulkin mallakar Faransa aka ɗora itatuwa masu amfani a ƙarƙashin ikon hukuma, dokar gandun daji ta bayan 'yancin kai kuma ta ci gaba a kan haka. Manomin da ya sare reshen gawo a gonar da ya gada daga mahaifinsa zai iya fuskantar tara daga jami'an gandun daji. Saboda haka mutane da yawa suka ga gara su kashe tsiron tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo musu fitina.

Sai fari ya zo, na farkon shekarun 1970, sannan na 1984, wanda ya haifar da yunwar da mutanen yankin suka laƙaba wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da lokacin da gwamnatin soja a Najeriya ta rufe kan iyaka. Ƙasar da ba ta da itace ba ta da abin tare iska. Manomi kan yi shuka, gero ya fara tsiro, iska ta zo da yashi ta binne shi ko ta yanke shi, sai a sake shuka, wani lokaci har sau uku ko huɗu a damina ɗaya. Mata kan yi tafiya mai nisa neman itacen girki, idan ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki.

An kashe kuɗi masu yawa wajen raba dashen itatuwa irin su darbejiya da turare. Mafi yawansu sun mutu saboda zafi, gara, awaki da rashin mai ba su ruwa.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, yana cikin masu wannan dashe da ba ya kamawa. A 1983, a kan hanyarsa ta zuwa wani ƙauye, ya tsaya rage iskar tayar motarsa don ya iya ratsa yashi, sai hankalinsa ya kai ga wasu 'yan tsirrai da ke warwatse a gonaki. Da ya duba ganyen da kyau sai ya gane itace ne da aka sare yake ƙoƙarin sake tofowa. Saiwarsa na nan da rai, ta nutsa ƙasa, tana da abinci da ruwan da dashen leda ba zai taɓa samu ba a shekararsa ta farko.

Aikin ba shi da wuya. Kututturen sabara ko kalgo kan fitar da rassa da yawa. Manomi zai zaɓi mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran, ya kuma datse ƙananan rassan da ke ƙasa da rabin tsawon wanda ya bari. Ana sara daga ƙasa zuwa sama da makami mai kaifi don kada ɓawon ya yage. Bayan 'yan watanni a sake zagayowa a gyara. Tunda duk ƙarfin saiwar ya koma kan 'yan rassa kaɗan, itacen na girma da sauri.

Manoma kalilan ne suka fara gwadawa, maƙwabta na yi musu dariya cewa sun bar gonarsu da datti. A lokacin yunwar 1984 aka haɗa dabarar da shirin ba da abinci a madadin aiki a ƙauyuka kusan 100, aka raya itatuwa kamar dubu 500. Da yunwa ta wuce rabon abinci ya tsaya, an sare kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan. Waɗanda suka bar nasu kuwa sun ga gero bai ragu ba, ga itacen girki a kusa, ga kuma abin sayarwa. Daga nan labarin ya yaɗu daga manomi zuwa manomi, a kasuwa da wurin biki da gidan rediyo.

A Damagaram abin ya fi kama da komawa ga al'adar kaka da kakanni. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Manoman yankin sun san darajar itacen tun kafin wani baƙo ya zo.

Girman abin bai fito fili ba sai a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da masu bincike irin su Chris Reij ɗan ƙasar Holan, Gray Tappan na Amurka da Mahamane Larwanou na Nijar suka gwama hotunan sama na 1975 da hotunan tauraron ɗan adam na baya-bayan nan. Sun tarar cewa ƙauyuka da yawa sun fi itace a yanzu duk da cewa jama'arsu ta ninka. Wani ƙiyasi da suka fitar ya nuna itatuwan na ƙara wa ƙasar hatsi kimanin tan dubu 500 a shekara.

Abin da itace ke yi wa gero

Gawo na da wata ɗabi'a da ta sa ya dace da gona. Yana zubar da ganyensa da shigowar damina, ya tsaya tsirara lokacin da gero ke bukatar rana, sannan ya sake tofowa da kaka. Ganyen da ya zubar na ruɓewa daidai lokacin shuka. Saiwarsa, kamar ta wake da gyaɗa, tana ɗauke da ƙananan halittu da ke jawo sinadarin naitrojin daga iska su mayar da shi abincin shuka, sinadarin da manomi ke saye a buhun yuriya. Da rani dabbobi na taruwa a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi da fitsari a gindinsa. Shi ya sa geron da ke ƙarƙashin gawo kan fi na fili tsawo da cikar zangarniya.

Sabara da kalgo na tare ƙura da ganyen da iska ke ɗauko wa, su tara ƙasa mai laushi a gindinsu. Wani bincike da aka yi a Senegal ya nuna cewa da dare saiwar sabara na ɗago ruwa daga can ƙasa ta saki a kusa da saman ƙasa, geron da ke kusa kuma yana amfana da shi a lokacin da ruwan sama ya ɗauke.

Sauran itatuwan na shiga tukunya da aljihu kai tsaye. Ganyen kuka miya ne kuma haja ce a kasuwa. Aduwa, magarya da goriba na ba da 'ya'ya, kabar goriba kuma na zama tabarma da igiya. A shekarar 2005, lokacin da fari da fara suka jefa Maraɗi cikin ƙarancin abinci, ƙauyuka irin su Ɗan Saga da ke yankin Aguie sun samu sauƙi domin iyalai sun sayar da itace da ganye sun sayi hatsi.

Tassa, wake da ƙwaro mai cin ƙwaro

Inda ƙasa ta riga ta zama fako, babu kututturen da za a raya. A irin wannan wuri manoman jihar Tawa suna amfani da tassa, wato ramuka masu faɗin kamar taƙi ɗaya da ake haƙawa da rani, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki hannu ɗaya ko biyu a ciki. Gara na zuwa cin takin, ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar nutsewa maimakon ya gudu. Dabarar ta bunƙasa a Illela ta Nijar bayan wasu manoma sun kai ziyara yankin Yatenga na Burkina Faso a 1989, inda Yacouba Sawadogo da wasu manoma suka inganta ta. Har ta kai mutane na sayen fako, wanda a da ba a karɓarsa ko kyauta. A 2018 Sawadogo da Rinaudo sun samu lambar yabo ta Right Livelihood da ake bayarwa a Suwidin.

Haɗa gero da wake a gona ɗaya, wanda manoman ƙasar Hausa suka daɗe suna yi, shi ma yana cikin wannan tsari. Wake na rufe ƙasa, yana ƙara mata ƙarfi, harawarsa na ciyar da tumaki da rani, takin tumakin kuma ya koma gona. Idan damina ta yi gardama, da wuya duka biyun su lalace tare.

Akwai kuma murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Masana a cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, reshen Maraɗi, sun yi shekaru suna kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kama da zanzaro wanda ke saka ƙwansa a jikin tsutsar ya kashe ta. Ana sa shi a cikin 'yan ƙananan buhunan algarara a rataye a ƙauye lokacin da gero ya fara fitar da kai, daga nan ya bazu cikin gonaki. Feshin magani na kashe irin wannan ƙwaro tare da tsutsar.

Inda gizo ke saƙar

Itace a gona ba ya tsira idan mai gonar bai da tabbacin shi zai ci amfaninsa. Dokar karkara ta 1993, dokar gandun daji ta 2004 da wata doka ta musamman da aka sanya wa hannu a 2020 sun ƙara wa manomin Nijar iko a kan itacen da ya raya. Duk da haka satar itace da dare na ci gaba, musamman kusa da birane inda itacen girki ke da tsada. Sassare rassan gawo don ciyar da dabbobi kan haddasa rikici tsakanin manoma da makiyaya. Ƙauyukan da suka yi nasara, kamar Ɗan Saga, sun kafa kwamitocin sa ido da suka haɗa da mata da makiyaya, suka kuma amince da tarar da za a ci wanda ya karya doka.

Mata su ne suka fi amfani da ganye da itacen girki, amma kaɗan ne daga cikinsu ke da gonar kansu. Wanda ya karɓi aron gona ko jingina ba kasafai mai gonar ke barinsa ya raya itace ba, don gudun kada wata rana ya ce gonar tasa ce.

Sannan itace kaɗai ba ya cika rumbu. Ƙasar yashi ta Sahel na da ƙarancin sinadarin fosfaras, gonaki kuma na ƙara tsukewa yayin da ake raba gado. Shi ya sa masana a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai suke ba da shawarar a riƙa sa takin zamani ɗan kaɗan, kamar cikin murfin kwalbar lemo, a kowane ramin shuka. A ƙasar da ke da ganye da taki na gargajiya, wannan ɗan kaɗan ɗin na yin aiki fiye da yadda zai yi a busasshen yashi.

Abin da ya shafi wannan ɓangaren iyaka

Daga Magarya zuwa Daura ko Ɓaɓura tafiya ce gajera. Ƙasa iri ɗaya ce, gero iri ɗaya, sabara da kalgo iri ɗaya. Manoman Katsina, Jigawa, Yobe da Sakkwato na kokawa da tsadar takin zamani, gawayi da itacen girki kuma na ƙara cin itatuwan da suka rage saboda tsadar gas da kananzir.

Najeriya na cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, akwai kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Abin da ya faru a Maraɗi na nuna cewa ƙidayar dashen da aka raba ranar biki ba ta nuna yawan itatuwan da za su kai shekara biyar. Abin da ya raya itatuwa miliyan 200 shi ne manomi ya ga amfanin a gonar maƙwabcinsa, dagaci da mai unguwa su tsaya masa idan an yi masa sata, hukuma kuma ta yarda itacen nasa ne.

Lokacin yanke shawarar shi ne watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da manoma ke shiga gona sharar shekara. Kututturen sabara ko kalgo da aka bar wa reshe biyu ko uku a wannan bazara zai iya wuce tsawon mutum kafin damina ta uku.